Wane Ne A, Wane Ne B? Jagorar Gane Lambar Injin Fulofi a Tsofaffin Kwamfutoci

Injin da ke karanta faifan fulofi bai san sunansa ba. Ka ciro shi daga kwamfutar da ke kiransa A, ka ɗaura shi a wata, sai ka ji ana ce masa B, ko DF1, ko fd0, alhali ko sukuru ɗaya ba ka kwance a jikinsa ba. Hawa-hawa ake ɗora masa sunan. Da farko akwai wayar da ta haɗa shi da kwamfuta da ɗan saitin da ke bayansa, sai abin da BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ta rubuta ta ajiye game da shi, daga ƙarshe kuma abin da babbar manhaja ta ga dama ta kira shi. Duk mai son tayar da tsohuwar kwamfuta, ko ceto takardun da suka yi shekara talatin kwance a faifai, ko gyara tsohon fiyano ko injin surfani mai cin fulofi, sai ya san waɗannan hawa, kuma ya faro bincikensa daga na ƙasa. Sau da yawa injin da aka yanke wa hukuncin mutuwa lafiyarsa ƙalau, da sunan da ba nasa ba ake ta kiransa.

A fara da waya

Tsarin wayar ya samo asali ne daga kamfanin Shugart Associates na Amurka, wanda ya fito da injin faifai mai inci 5.25 a 1976. Faffaɗan kebur ne mai silin waya 34 a jere, da jan layi a gefe ɗaya mai nuna waya ta farko. Duk injinan da ke kan kebur ɗin tarayya suke yi a wayoyin karatu da rubutu da na matsa kan karatu gaba da baya. To ta yaya ba za su amsa a tare ba? An keɓe wayoyi huɗu domin kira, DS0 zuwa DS3. Waya ta 10 ita ce DS0, ta 12 DS1, ta 14 DS2, ta 6 kuma DS3. Kamar mai sallama ne a ƙofar gida: kowa a ciki ya ji muryarsa, amma wanda aka ambaci sunansa ne kaɗai ke fitowa. Abin da ke gaya wa inji wayar da zai saurara wata 'yar ƙaramar hula ce ta roba mai ƙarfe a ciki, wadda ake kifawa a kan fil biyu don ta haɗa su. Masu gyara jamfa suke ce mata. Ka sa ta a DS0, inji ya zama na farko. Ka matsar da ita DS1, ya zama na biyu.

Nan da nan akwai wurin tuntuɓe. Wasu kamfanoni daga sifiri suke fara ƙirga, su rubuta DS0, DS1, DS2, DS3 a jikin allon inji. Wasu kuma daga ɗaya, DS1 zuwa DS4. Saboda haka kada rubutun ya ɗauke maka hankali. Ka duba lambar da jerin ya fara da ita, sannan ka ƙirga matsayi: na farko, na biyu.

Da IBM ta fito da kwamfutarta ta PC a watan Agusta 1981, sai ta kawo wata dabara wadda ita ce ta mamaye duniya. Maimakon a riƙa sa wa kowane inji jamfarsa daban, sai aka ce duk injinan a saita su a matsayi na biyu, wato su saurari waya ta 12. Sannan aka tsaga kebur ɗin dab da kansa na ƙarshe, aka murɗe wayoyi bakwai, daga ta 10 zuwa ta 16, suka juya baya. A gefen kwamfuta, IBM ta sa kiran injin B a waya ta 12, kiran injin A a waya ta 14, umarnin kunna moton A a ta 10, na moton B a ta 16. Injin da ke tsakiyar kebur, kafin murɗin, yana jin waya ta 12 yadda ta taho, don haka shi ne B. Wanda ke can ƙarshe, bayan murɗin, abin da ke iso masa a fil na 12 ainihin waya ta 14 ce, don haka shi ne A. Haka ma ta 10 da ta 16 suke musanya wuri, kowane inji ya samu umarnin motonsa shi kaɗai.

Riba biyu aka ci. Mai harhaɗa kwamfuta ya huta da tunanin jamfa, wurin da ya cusa inji shi ke ba shi suna. Kuma kowane inji motonsa na juyawa ne lokacin da ake bukatarsa kawai, saɓanin tsarin Shugart inda waya ɗaya, ta 16, ke kunna moton kowa gaba ɗaya. Abin da aka rasa shi ne yawa: kebur ɗaya ya koma ɗaukar inji biyu maimakon huɗu. Ita guntuwar na'urar da ke sarrafa injinan, NEC 765 da 'yan uwanta, huɗu take iya kira, shi ya sa katin fulofi na PC ta farko ke da wata kafa a bayansa mai fil 37 ta ƙarin inji biyu na waje.

Ga yadda wannan ke amfanar ka a kan teburin gyara. Injinan inci 3.5 na ƙarshe-ƙarshe yawancinsu ba su da jamfa ma sam, an like su da dalma a matsayi na biyu tun daga masana'anta. In ka haɗa irin wannan da kebur miƙaƙƙe marar murɗi, ko ka cusa shi a kan tsakiya, B zai zama. Kwamfuta ta yi ta neman A ba ta samu, ta ce injin faifai ya gaza. Maganin bai wuce matsar da shi ƙarshen kebur ba. In kuwa tsohon inji ne da aka ciro daga wata na'ura da ba PC ba, ta yiwu jamfarsa na matsayi na farko, sai ka dawo da ita na biyu.

In ka kunna kwamfuta ka ga fitilar inji ta kama ta ƙi mutuwa, kashe ta, kebur ɗin a juye yake. Jan layi ya tafi wajen fil na ɗaya a kowane kai, na inji da na uwar allo. Ina roƙon ka da babbar murya: kada ka gwada sabon haɗi da faifan da kake son cetowa a ciki. Kebur a juye na iya sa inji ya goge abin da ke ƙarƙashin kansa. Nemi faifan da ba ka damu da shi ba ka yi gwaji da shi tukuna.

Injinan inci 5.25 na da ƙarin abu guda, wato 'yar fakitin resisto da ake bari a jikin injin ƙarshen kebur kaɗai, a cire ta tsakiya. Kan haɗinsu ma daban ne, bakin allo ne ake zura wa soket, ba fil ba. Shi ya sa za ka ga kebur mai kai biyar: ɗaya na uwar allo, biyu kafin murɗi, biyu bayansa. A kowane biyun nan ɗaya tak ake amfani da shi.

Abin da BIOS ta sani

BIOS ba ta san A ko B ba. Da lamba take aiki. Injin fulofi na farko 00 ne, na biyu 01. Babbar ma'adanar ciki kuwa, wadda masu gyara ke kira had-dis, daga 80 take farawa a lissafin goma sha shida, wato 128 a lissafinmu na yau da kullum, ta biyu 81. Dalilin wannan tsalle shi ne an ware bit na can sama a cikin bayit ya zama alama: in yana kashe fulofi ne, in yana kunne had-dis ne. Duk manhajar da ke son karanta faifai ta hannun BIOS sai ta sa wannan lamba a rajistar DL ta kira INT 13h. Da kwamfuta ta tashi, a tsohon tsari, 00 take fara dubawa, in ba faifai ta wuce 80. Ba ta leƙa 01. Wannan shi ne dalilin da B ba ya tayar da kwamfuta.

Yaya BIOS ke sanin inji nawa ne a haɗe? Amsar ita ce gaya mata ake yi. A PC ta 1981 da XT ta 1983 akwai jerin 'yan ƙananan makunnai takwas a kan uwar allo, na 7 da na 8 su ke faɗin yawan injinan, daga ɗaya zuwa huɗu. In ka ƙara inji ba ka taɓa su ba, kwamfuta ba za ta san da zuwansa ba. Daga PC/AT ta 1984 aka mayar da bayanin cikin 'yar ƙwaƙwalwar CMOS mai rayuwa da batir. Bayit ɗaya ne, a adireshi na 10 a lissafin goma sha shida, an raba shi biyu: rabin sama na A, rabin ƙasa na B. Sifiri na nufin babu inji, 1 mai kilobayit 360, 2 mai megabayit 1.2, 3 mai kilobayit 720, 4 mai megabayit 1.44, 5 mai 2.88. Kwamfutar da ke da 1.44 a matsayin A da 1.2 a matsayin B, abin da ke rubuce a wurin 42 ne. Ba sai ka rubuta wannan da hannunka ba, shafin saitin BIOS ke yi maka, amma sanin haka na fahimtar da kai abin da ke faruwa in batir ya mutu. Bayit ɗin ya ɓace, kwamfuta ta manta tana da inji, ko ta ɗauke shi wani iri daban. Kwamfutar da ta daɗe a ajiye, batirinta za ka fara canzawa. In irin mai kamar 'yar ganga ne da aka like a uwar allo, duba ko ya yi yoyo ya ci layukan da ke kusa da shi.

Ka tabbata nau'in da ka zaɓa shi ne na gaskiya. BIOS ba ta da cikakkiyar hanyar tantancewa. Abin da take iyawa shi ne wancan gurnani da kake ji lokacin tashi, inda take tura kan karatu don ta gane inji mai da'ira 40 ne ko mai 80. Ka ce mata 1.2 alhali 1.44 ne, fitila za ta kama, moto ya juya, amma karatu ya ƙi.

A BIOS na shekarun 1990 akwai wani zaɓi na musanya injinan biyu, A ya koma B, B ya koma A, ba tare da ka buɗe kwamfuta ba. Yana da amfani in faifan tashinka mai inci 5.25 ne alhali A mai 3.5 ne. Sai dai musanyar a matakin BIOS kaɗai take. Babbar manhajar DOS za ta bi ta, amma manhajar da ke magana da na'ura kai tsaye, kamar Linux, na iya yin biris da ita. Ni na fi son a musanya kan kebur a huta. Ka kuma sani cewa uwayen allo da yawa na farkon shekarun 2000 inji ɗaya kawai suke ɗauka, ko da kebur ɗin na da kai biyu.

Inda haruffa suka shigo

Haruffan gadon CP/M ne, babbar manhajar da Gary Kildall ya rubuta a 1974, wadda kamfaninsa Digital Research ya sayar. Ita tana ɗaukar inji har 16, daga A zuwa P. Tim Paterson na kamfanin Seattle Computer Products ya bi salonta wajen rubuta 86-DOS a 1980, Microsoft ta saya, ta zama PC DOS da MS-DOS. A lokacin had-dis sai manyan ma'aikatu. Mai inji biyu yakan bar faifan manhaja a A, faifan aikinsa a B. Da XT ta zo da had-dis mai megabayit 10 tare da DOS 2.0 a 1983, harafin da ya rage a gaba shi ne C, kuma a nan ya zauna har yau.

Amma me ya sa mai inji ɗaya ma had-dis ɗinsa C ne, ba B ba? Saboda DOS tana ba inji ɗayan nan suna biyu. Ka rubuta COPY A:WASIKA.TXT B: a kwamfuta mai inji guda, sai ta karanta fayil ɗin, ta tsaya, ta ce ka sa faifan B ka danna kowane maɓalli. Ka zare na farko ka zura na biyu a cikin injin nan dai, ta rubuta. In fayil ɗin babba ne ta sake neman faifan A. Akwai bayit guda a ƙwaƙwalwa, a adireshin 0050:0004, da ke riƙe da sunan da injin ke amsawa a wannan lokaci, sifiri in A ne, ɗaya in B ne. Dabara ce ta tausaya wa mai ƙaramin ƙarfi, kuma ta yi aiki. Abin lura ga mai gyara shi ne: ganin DOS ta karɓi B: ba hujja ba ce cewa ta ga inji na biyu. In ka ɗaura inji biyu, ka rubuta DIR B: sai ta nemi ka sa faifai kuma fitilar A ta kama, to BIOS ɗaya ta sani. Koma shafin saiti.

In injinan sun wuce biyu, sigar DOS ce ke yanke hukunci. Har zuwa DOS 4, fulofi ake fara raba wa haruffa kaf, saboda haka mai inji huɗu had-dis ɗinsa E zai zama. Daga DOS 5.0 ta 1991 aka tsayar da C ga had-dis, ƙarin injinan su biyo baya. A Japan kuwa, kwamfutocin NEC PC-98 sun bi wata hanya dabam: abin da aka tashi daga kansa shi ne A, ko da had-dis ne.

Tun daga DOS 3.2 akwai DRIVER.SYS, wanda ake sawa a CONFIG.SYS don a ba inji ƙarin harafi. Layin DEVICE=DRIVER.SYS /D:1 /F:7 na nufin inji na biyu, mai 1.44. Lura da cewa /D lambar BIOS yake karɓa, daga sifiri. Harafin da zai samu shi ne na gaba da ba a riga an ɗauka ba, misali D. Amfaninsa shi ne in A da B ba nau'i ɗaya ba ne, kana kuma son kwafe fayil daga faifai zuwa ɗan uwansa: sai ka kwafa daga B zuwa D, inji ɗaya na amsa sunan biyu. Akwai kuma ASSIGN, na tsofaffin manhajojin da suka kafe sai A: ka rubuta ASSIGN A=C, duk abin da suka nema a A a kai su C. Kada ka yi fomatin ko DISKCOPY alhali wannan na aiki.

Mai rubuta manhaja yana da nasa ramin. A cikin DOS ƙirga biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wajen zaɓen inji ko tambayar wanda ake kai yanzu, sifiri shi ne A. Wajen tambayar sauran fili a faifai, ko a bayit na farko na tsohon tsarin buɗe fayil na FCB, sifiri na nufin injin da ake kai yanzu, ɗaya ne A. Wannan ma daga CP/M aka gaje shi. Kuskuren lamba ɗaya a nan ya isa ya kai rubutu faifan da ba shi ake nufi ba.

Saura waya ta 34. Daga AT zuwa gaba, ta nan inji ke sanar da cewa an canza faifai. In ta tsinke, ko injin irin wanda ke aika alamar shiri ne a wannan waya, sai ka canza faifai DIR ta ci gaba da nuna maka sunayen fayilolin na baya. Wannan ya fi kowace matsala haɗari, domin in ka yi rubutu a wannan hali DOS za ta ɗora teburin fayilolin tsohon faifai a kan sabo, ta rikita shi. Da ka ga haka, dakata da komai, ka canza kebur ko ka duba jamfar DC da RDY a jikin inji.

Waɗanda ba su bi hanyar haruffa ba

Apple II, da injinta Disk II da Steve Wozniak ya tsara a 1978, da gurbi take ƙirga. Katin da ke sarrafa injinan a ɗaya daga guraben uwar allo yake zama, bisa al'ada na 6, kuma kowane kati na ɗaukar inji biyu. Sunan inji sai ya zama S6,D1 ko S6,D2. PR#6 na tayar da faifan da ke injin farko, CATALOG,D2 na nuna abin da ke na biyu. Babu jamfa, kafar da ka cusa waya a jikin kati ita ce lambar. Sai dai kafofin fil 20 ne tsirara, ba abin da zai hana ka gocewa da layi ɗaya, kuma gocewar na ƙona guntuwar na'ura a cikin inji. Duba sau biyu kafin ka ba da wuta. ProDOS ta 1983 ta ƙara kiran faifai da sunansa, ko a wane inji yake.

Commodore 64 ta fi ba ni sha'awa, domin injinta 1541 kwamfuta ce mai zaman kanta, da masarrafinta 6502 da manhajarta a ciki. Kowace na'ura da ke haɗe da Commodore na da lamba: kaset 1, firinta 4, injin faifai daga 8 zuwa 11. Shi ya sa duk wanda ya taɓa ta ya haddace LOAD"*",8,1. Kowane 1541 da lamba 8 yake fitowa daga masana'anta, don haka in ka haɗa biyu sai su yi karo. Gyara na dindindin shi ne ka buɗe shi, ka nemi wasu 'yan da'irori biyu na dalma a allonsa, ka yanke siririn layin da ke tsakiyar ɗaya ko duka biyun, ya koma 9, 10 ko 11. Na wucin gadi kuwa, ka kashe ɗaya, ka aika wa ɗayan umarnin M-W ya rubuta 41 da 73 a adireshi na 119 da 120 na ƙwaƙwalwarsa, ya zama 9, sannan ka kunna na farkon. Da an ɗauke wuta ya koma 8. Injinan baya, 1541-II da 1571 da 1581, an sa musu makunnai biyu a baya. Ka kuma bambanta lambar na'ura da lambar inji: tsofaffin akwatunan Commodore PET irin 4040 inji biyu ne a akwati ɗaya, 0 da 1, ƙarƙashin lamba 8. Wannan ne asalin 0: da ake sawa gaban sunan fayil ko a 1541 mai inji guda.

BBC Micro ta Ingila, da tsarinta na DFS, kowace fuskar faifai inji take ɗaukarta. Injin farko fuskarsa ɗaya 0 ce, ɗayar 2. Na biyu 1 da 3. Wanda bai san haka ba zai kwafe 0 ya ɗauka ya gama, ya bar rabin faifai a baya. TRS-80 ta farko kuwa a jikin kebur aka yi aikin: an zare wasu haƙora daga kowane soket, ta yadda wayar kira ɗaya ce kawai ke isa ga kowane inji, daga :0 zuwa :3. Atari mai bit 8 na kiran nata D1: zuwa sama, da makunnai biyu a bayan inji.

Amiga ta 1985 na da DF0: zuwa DF3:, na ciki shi ne DF0:. A samfurin Amiga 2000 an tanadi DF1: domin inji na biyu na ciki, saboda haka na farkon da ka haɗa ta waje DF2: ne. Wancan ƙwas-ƙwas da injin Amiga ke yi in ba faifai a ciki, dubawa yake ko an sa wani. Macintosh ta 1984 ba ta nuna wa mai aiki lambar inji ko kaɗan, hoton faifai da sunansa kawai.

Linux da kayan aikin yau

A Linux injin farko /dev/fd0 ne, na biyu /dev/fd1, har zuwa fd7 in kwanturola, wato na'urar da ke sarrafa injinan, biyu ne. Kowannensu na da lamba biyu a Linux, babba da ƙarama; babbar lambarsu 2. Ƙaramar lambar kuwa dunƙule take da abu uku: lambar inji, a tara da nau'in faifai sau huɗu, a ƙara 128 in kwanturola ta biyu ce. Shi ya sa a tsofaffin tsare-tsare za ka ga sunaye irin fd0h1200 da fd0u1440. Duk injin farko suke nufi, bambancin shi ne kana gaya wa manhaja irin faifan da ke ciki maimakon ta yi hasashe. Na 1440 ɗin ƙaramar lambarsa 28, wato nau'i na 7 sau huɗu. Wannan na da amfani wajen fomatin sabon faifai, inda babu abin da za a yi hasashe a kansa.

Injin fulofi mai USB ba ya cikin wannan lissafi. Linux na ganinsa kamar filasha, ta kira shi /dev/sdb ko makamancin haka, Windows kuma yawanci ta ba shi A. Ka tabbatar da sunan kafin ka ba da umarnin rubutu, kada ka shafe wata ma'adana. Kuma faifan PC mai 720 da 1.44 ne aikinsa. Ba zai karanta faifan Amiga mai kilobayit 880 ba, ko na tsohuwar Macintosh mai 400 da 800. Irin waɗannan sai ɗan allo kamar Greaseweazle na Keir Fraser, wanda ke haɗa ainihin tsohon inji da sabuwar kwamfuta. Shi ma tambayar farko da zai yi maka ita ce wace waya zai kira: A ko B in kebur mai murɗi ne irin na IBM, 0, 1 ko 2 in miƙaƙƙe ne irin na Shugart.

Tun da Sony ta daina yin faifai a 2011, masu tsofaffin fiyano da injinan surfani da na masana'antu sun koma ga na'urar Gotek, wadda ake ɗaurawa a gurbin injin fulofi tana karanta filasha. A bayanta akwai fil masu alamar S0 da S1. PC na son S1, Amiga da Atari ST na son S0, na'urori da yawa da ba PC ba su ma S0. Kafin ka cire tsohon inji daga fiyano ko injin surfani, ɗauki hoton bayansa da wayarka: inda jamfa take, gefen da jan layi yake, da ko kebur ɗin na da murɗi. Ka rubuta lambar samfurin injin ma, domin ita za ta kai ka ga sanin ko waya ta 34 alamar shiri take ɗauka ko ta canjin faifai. In ka ɗaura Gotek ta ƙi amsawa, matsar da jamfa daga S1 zuwa S0 ka sake gwadawa. In ta amsa amma tana nuna tsohon jerin fayiloli bayan ka canza faifai, saitin waya ta 34 ne ya rage ka gyara.